Kalsbad: Inda Ake Girmama Abin da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya bi hanyar kudancin jihar Niyu Meziko ta Amurka ba zai taɓa zaton akwai wani abin kallo a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Hamada ce fetal, sai ƙaya da tsakuwa da injinan haƙo mai suna ta sunkuyawa suna ɗagowa. Amma a cikin tsaunukan yankin akwai kogwanni fiye da 119, waɗanda gwamnatin ƙasar ta mayar gandun ƙasa a 1930, UNESCO kuma ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1995. Sunan wurin Kalsbad.

Akwai lifta mai sauke mutum kimanin mita 230 cikin ƙasa, amma na zaɓi bakin kogon na asali, na gangara da ƙafa. Warin kashin jemage ne ya fara tarbata, daga nan haske ya riƙa ja da baya, sanyi ya shigo. A ciki ma'aunin zafi yana kan digiri 13 rani da damina. Babban zauren ya kai eka 8, duwatsu na reto daga sama, wasu sun tsiro daga ƙasa. Na tsaya gaban wani siririn tsinin dutse, ɗigon ruwa na taruwa a bakinsa, ya kumbura, ya yi ta rawa kafin ya faɗi. Da irin wannan ɗigon aka gina duk abin da ke zauren. Dutsen kuwa irin wanda ake yin siminti da shi ne a Ashaka, kuma abin da ya rarake shi, shekaru miliyan 4 zuwa 6 da suka wuce, shi ne sinadarin nan na ruwan batir, wanda ya samu sa'ad da iskar da ke tasowa daga man ƙarƙashin ƙasa ta gamu da ruwa.

Sai dai ni abin da ya fi ɗaukar hankalina dokokinsu ne. Ba a shiga da abinci, ko cingam, sai ruwa zalla. Ba a taɓa bango. Har masu aikin sa-kai ke zuwa da 'yan burushi suna tsince zaren tufafi da gashin da baƙi suka zubar. Na tambayi wata ma'aikaciyar gandun dalilin wannan tsanani, ta ce mini ɓarɓashin biskit ɗaya gara ce a wurin da abinci ya yi ƙaranci haka. Bakteriyar waje za ta samu ta yaɗu, ta danne 'yan gida.

'Yan gidan nan su ne labarin. A cikin gandun akwai kogon Lecugiya, wanda aka fasa hanyar shigarsa a 1986. Tsawonsa ya haura kilomita 240, kuma ba a barin kowa ya shiga sai masu bincike da masu auna taswira, su ma sai sun fito da bayan gidansu a leda. Can ciki babu rana, babu ganye, babu taki. Duk da haka bangonsa na ɗauke da wata ƙasa mai laushi kamar garin lalle, ja da ruwan ƙasa da baƙa. Diana Northup ta Jami'ar Niyu Meziko da abokan aikinta sun nuna cewa akwai hannun ƙananan halittu a samuwarta: suna samun ƙarfi daga ƙarfe da manganis ɗin da ke cikin dutsen. Kuma ba iri ɗaya ba ne, dangi ne barkatai, da yawansu ba a taɓa iya renonsu a ɗakin gwaji ba. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ajiye wa kowace halitta arzikinta, har a cikin dutse.

Yunwa tana sa su faɗa, makaminsu kuma sinadarai ne. Ai daga bakteriyar ƙasa aka samo sitireftomaisin a 1943, maganin farko da ya karya lagon tarin fuka, kuma danginta ne ke ba ƙasa ƙamshin nan na ruwan farko. A 2012 Hazel Barton da Gerard Wright suka gwada nau'i 93 daga wani sashe na Lecugiya da ya yanke da duniyar sama shekara miliyan 4. Wasu sun jure magunguna har 14. A 2016 suka ba da rahoton wata guda da ta gagari 26 cikin 40. Waɗannan halittu ba su taɓa ganin asibiti ba. Ashe dabarar bijire wa magani ta daɗe a ƙasa, mu ne muke ba ta fili duk lokacin da muka sayi kafso ja da yalo guda biyu a kemis, muka sha, muka watsar da zarar ciki ya lafa.

Wannan ne ya burge ni da mutanen Kalsbad. Sun yarda cewa ƙurar bango na iya ɗauke da maganin jikokinsu, suka hana kansu taɓa ta.

Mu ma Allah bai hana mu kogo ba. Akwai na tsaunukan Tula, ga na Marshall guda 59 a Yankari, duk tafiyar yini ɗaya daga Gombe. Ƙannena ɗaliban kimiyya da ke zaune a Malam Inna, kuna ratsawa zuwa Jami'ar Jihar Gombe kowace safiya, idan lokacin zaɓar aikin bincike na shekarar ƙarshe ya zo, ku tuna da ƙasar waɗannan kogwanni. Ku nemi izinin masu wurin, ku sa safar hannu, ku ɗebo kaɗan a kwalba mai tsabta, ku bar sauran yadda kuka same shi.