Takardun makaranta a gajimare: wa ke riƙe da makulli?

Makarantar kuɗi kasuwanci ce, amma kayan da ke hannunta amana ne: sunayen yara, makin jarrabawa, takardun haihuwa, har da bashin da ake bin iyaye. Shi ya sa da muka shirya kwashe su daga kwamfutar ofis zuwa Google Drive, kuɗi bai dame ni ba, tunda gigabayit 15 na farko kyauta ne. Tambayata ita ce: wa zai ga me?

A babban hutu muka yi aikin, aji bayan aji, kafin komawar Oktoba. Kowane malami ajinsa kaɗai yake buɗewa. Lissafin kuɗi kuwa daga ni sai ma'aji. Da sunan makaranta muka buɗe asusun, domin malami yana iya barin aiki gobe ya tafi da nasa. Rajistar takarda ma tana nan, saboda ranar da rezo ya ɗauke.

Abin da ake kira gajimare kwamfutocin wani kamfani ne a wata ƙasa. Don haka iyaye, ku tambayi makarantar ƴaƴanku wa ke riƙe da makullin. Haƙƙinku ne ku sani.