Akwati da Tulu

Da Faransanci aka rubuta littafin da nake koyon Blender da shi, ni kuwa a firamare karatuna ya tsaya. Sai na riƙa binsa da ƙamus, shafi ɗaya kowane dare. Darasin fari akwati ne kawai: G ya matsar da shi, R ya juya shi, S ya ƙara ko ya rage girmansa. Amma littafin ya tsufa, gama a 2019 aka mai da zaɓen abu daga maɓallin dama na linzami zuwa na hagu. Motsi ne mai wuya, 'yan'uwa: hoto 24 kafin daƙiƙa guda ta cika. Wata uku na yi kafin tulun da na gina ya mirgina, ranar ce ɗana ya daina cewa, "Baba, kawo in yi maka."