Aninin da na tarar a adudun Kaka

Bayan sadakar arba'in ɗin Kaka a Birnin Lalle, da aka zo rabon tarkacenta, ni adudu ya faɗo wa. Can ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin zannuwa, sai ga tsabar kuɗi guda bakwai an shirya su a zare kamar tasbaha. Duk masu huda a tsakiya. Ƙanena ya ce a ba yara su yi wasa. Na ce a'a.

Biyar daga ciki anini ne. Mun tashi muna jin "ko anini ba ni da shi", amma sai ranar na taɓa riƙe shi a hannu. Fuska ɗaya tauraro ne mai tsini shida, ɗayar kuma sunan Sarkin Ingila Edward na Bakwai da rubutun Larabci. Anini goma ke yin kwabo. Turawan Ingila sun fara buga shi a 1907 da sanholo, da suka ga yana saurin ci sai suka sake masa ƙarfe a 1908. Hudar kuwa don a zura zare ce, yadda aka saba yi wa wuri.

Abin da ya hana ni barci shi ne: me ya kawo kuɗin Ingila gidanmu, alhali a lokacin Faransa ke karɓar haraji a nan? Takarda ce ta raba ƙasa, ba ta raba kasuwa ba. Raƙumi da jaki ba su daina zuwa Katsina da Kano ba, kuma mai sayar da fata ko rago abin da aka miƙo masa shi yake ɗaurowa a lalita. Tsohuwar hedkwatar Gobirawa ce fa garin nan, fatake ba baƙi ba ne a wurinmu.

Kuɗin Faransa ma ya bar mana gado a baki. Sefa ta zo a 1945, amma har gobe ba ma ƙirga ta da tamma ɗai-ɗai, da dala muke yi, biyar-biyar. Ka ce wa Bakano dala ashirin ita ce ɗari, ka ga yadda zai dube ka.

Masu tara irin wannan kuɗi a Turai suna ji da na 1936 mai sunan Edward na Takwas, wanda ya ajiye sarauta kafin shekara ta zagayo. Ni ba don farashi nake magana ba. Kuɗin azurfa na wancan zamani tuni maƙera suka narkar da da yawa, sun zama zobba da mundaye. Ƴan kaɗan suka rage.

Don Allah, duk wanda ya samu irinsu a gida kada ya goge da toka ko tsamiya. Ya tambayi dattijon da ya rage yadda aka same su, ya ɗauki hoton fuskokin biyu ya turo mu karanta shekarar tare.