Rubutun Da Malam Kaɗai Zai Karanta



Yau ina so in taɓo wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a matsayina na malamin makaranta a Sabo ta Ibadan. Unguwar nan tun 1916 take, fataken goro da na shanu ne suka raya ta. Amma jikokinsu a yau da Turanci suke rubutu, da Yarabanci suke ciniki, Hausa kuwa sai a tsakar gida. Yaro zai cika ka da surutu, amma kana miƙa masa biro ka ce ya rubuta abin da ya faɗa, sai hannu ya ƙage.

Abin da na lura da shi shi ne, yaro ba ya wahalar da kansa a kan rubutun da ya san malam kaɗai zai karanta. Ya san ƙarshensa jan biro ne da maki, sannan a kai littafin wurin mai ƙosai. To mene ne na ɓata dare?

Wani malamin firamare a Faransa, Célestin Freinet, ya gano haka tun tuni. An raunata shi a huhu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba ya iya doguwar magana a aji. A 1924 ya shigo da 'yar na'urar ɗab'i makarantarsa ta ƙauye, yara su rubuta labarinsu, su buga da kansu, su aika wa 'yan wata makaranta. Mu ma a gida, tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, wasiƙun masu karatu sun sa mutane da dama ɗaukar alƙalami, don kawai su ga sunansu a jarida.

Ni ba ni da na'ura, allon katako na kafa a bakin ƙofar makaranta. Kowace Alhamis yara biyar suna kawo rubutun Hausa na shafi ɗaya a kan abin da suka gani da idonsu. Abokan aji su fara karantawa su yi tambaya, mai rubutu ya koma ya gyara, sannan mu liƙa. Iyaye kan ɗauki hoton takardar su tura wa dangi a Arewa ta WhatsApp.

Wallahi bambancin ba kaɗan ba ne. Yarinyar da a da ba ta damu da bambancin "kasa" da "ƙasa" ba, ita ce ta tsare ni sai na duba mata kowace lanƙwasa, domin kakarta a Katsina za ta sa a karanta mata. Wani yaro kuma ya je wurin dattawan 'yan goro ya tambayo sunayen goro kala-kala, don kada a yi masa dariya a unguwa.

Sai dai abin yana da nauyi. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, wani ɗalibina da rumfar mahaifinsa ta ƙone ya kawo rubutu cike da zafi. Allon nan a bakin titi yake, maƙwabtanmu Yarabawa da yawa suna jin Hausa. Ban hana shi ba, na dai ce masa, "Ɗana, rubuta abin da ka gani, ka bar abin da aka ce maka." Da ya sake rubutawa sai ga labarin matar da ta ɓoye su a ɗakinta, ita ma Bayarabiya. Daga nan muka kafa doka uku: ba a sa cikakken sunan yaro, ba a zagin ƙabila ko addini, kuma ba a liƙa komai sai na karanta.

Don haka ina kira ga malamai 'yan'uwana a Agege, Shagamu, Fatakwal da sauran zangonninmu, ku nema wa yaran nan masu karatu. Katako ɗaya da ƙusa huɗu sun isa a fara.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, amin. Sai mun sake haɗuwa.