Zuwa Ga Sakin Layin Da Aka Soke

Ya kai sakin layi,

Ko wata guda ba ka yi a duniya ba. A watan Yunin 1776 Thomas Jefferson ya rubuta ka, yana da shekara 33, a ɗakin haya na gidan wani magini a Filadelfiya. Kana cikin daftarin takardar ayyana 'yancin kan Amurka, kuma aikinka ka tuhumi Sarki George na Uku da cinikin bayi, wato kamo mutanen da ba su tsare masa komai ba daga wata nahiya, a loda su a jirgi, wasu su mutu a teku. Da ya zo kan kalmar da ke nufin mutane, da manyan baƙaƙe ya rubuta ta. Wannan kalma ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Farkon Yuli majalisa ta zauna, aka bi ta kanka. Shi Jefferson ya ce wakilan Karolina ta Kudu da Jojiya ne suka ƙi, kuma na arewa ma jikinsu ya yi sanyi, tunda jiragensu na cikin masu dakon.

Na daɗe ina takaicin rashinka. Amma da na sake karanta ka a natse, sai na ga kai ma da sauran magana. Laifi tudu ne. Mutumin da ya jibga wa sarkin Ingila komai, a rayuwarsa ya mallaki mutum fiye da 600. A wannan zama na Filadelfiya ma, mai yi masa hidima bawansa ne, Robert Hemings, yaro ɗan shekara 14. Kuma a ƙarshenka ka koma kukan cewa sarki yana zuga bayin su ɗauki makami. Abin haushi, wannan kukan ne kaɗai ya bar ɓurɓushi a takardar da aka sa wa hannu.

Ban hana Jefferson nasa ba: a 1807, yana shugaban ƙasa, ya rattaba hannu a dokar hana shigo da bayi. Shigowa aka hana. Na gida suna nan.

Ya rasu ranar 4 ga Yuli, 1826, bashi ya yi masa katutu. Mutum biyar ya 'yanta a wasiyyarsa. A watan Janairun 1827 aka buɗe gwanjo a gidansa na Monticello, aka yi tallan mutum 130 tare da kujeru da kayan gona.

Wassalam,
Wani mai karatu daga nesa