Ciwon Ciki Ba Shi da Tabo

Idan aka ce wa mutum ga tsohon soja nan wanda yaƙi ya naƙasa, abin da zai fara zo masa a rai shi ne mai dogara sanda, ko mai ido ɗaya, ko wanda hannun rigarsa ke lilo ba kome a ciki. Su ne ake nunawa kowace shekara ran 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, kuma lalle sun cancanci a nuna su. To, amma akwai wani irin rauni da soja kan komo da shi gida wanda ba a iya ɗaukarsa hoto, watau ciwon ciki. A kansa nake so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu bayani, domin ya shafi gidanmu, kuma shekara biyu ke nan ina bin takardunsa duk sa'ad da aka ba mu hutu.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mutumin Sakajiki ne a ƙasar Ƙaura Namoda. Ya shiga soja a 1988, ya yi horo a Zariya. A 1992 aka tura su Laberiya cikin rundunar ECOMOG, wadda ta fara sauka Monrobiya tun watan Agusta na 1990, saboda haka da shi aka tari farmakin da mayaƙan Charles Taylor suka kai wa birnin a watan Oktoba na 1992. Abin mamaki, in ka zauna da shi hira ba ya cika ba da labarin harbi. Labarinsa duka na ci da sha ne. Yakan faɗi yadda suka yi makonni cikin rami a bakin fadama, ruwan sama na dukansu, abinci ya zo yau gobe bai zo ba, mutum ya jiƙa garin rogo da ruwan da ya samu ya kora. Da irin harshenmu na Zamfara yake cewa, "Ruwan da munka sha can, ko jaki ka kai mai sai ya kau da kai." Sau biyu atuni ya kwantar da shi. Mai ba da magani na rundunarsu ya ƙirgo masa ƙwayoyi a tafin hannu, ya sha, ya ɗan ji dama, ya koma bakin daga. Ba wanda ya rubuta kome, don a wannan hali wa ke ta alƙalami? Bugu da ƙari, saboda ciwon baya na ɗaukar kaya, ya saba da haɗiyar asfirin ba tare da ya ci kome ba, kamar yadda kowa ke yi a cikinsu.

Tun daga nan cikinsa bai sake zama daidai ba. Ya bar aiki a 2005 yana saje, ya komo gida da lambobin girma da ƙwannafi. Yau abincinsa kunu ne da ɗan tuwo mai laushi, miya ba yaji, goro kuwa ya yi sallama da shi. Tsakar dare ciwon kan tashe shi, ya zauna dafe da ƙahon zuci har asuba. Da can jar kanwa yake jiƙawa ya sha, ta kwantar da abin na ɗan lokaci. Shekara uku ke nan bai iya azumin watan Ramalana ba, sai ciyarwa, kuma na lura wannan ya fi ciwon kansa ƙona masa rai. Bara waccan ya yi aman jini aka kwashe shi zuwa Gusau, inda aka zura masa wata na'ura mai kamar igiya ta baki aka leƙa, aka ce gyambon ciki ne, ya daɗe. Kusan sulusin ɗan fanshonsa a kantin magani yake ƙarewa. Da noma ke cike giɓin, amma kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mai da gonakin nesa a tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi.

Ga yadda maganar haƙƙin take. Fanshon da ake ba soja don yawan shekarun da ya yi yana aiki daban yake da abin da ake ba shi don naƙasar da aikin ya jawo masa. Na farko lissafi ne kawai, akawu ma ya isa ya yi shi. Na biyu sai kwamitin likitoci ya zauna, ya duba mutum, ya ce lalle yana da ciwon, ya ƙiyasta kashi nawa cikin ɗari ciwon ya rage masa ƙarfi, sa'an nan ya yarda cewa aikin soja ne ya haddasa shi ko ya tsananta shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ramin da masu ciwon ciki ke faɗawa. Galibi a lokacin sallama ake wannan bincike, alhali kuwa a ranar sallama ba abin da soja ke so kamar a ce lafiyarsa lau a sake shi ya tafi gida. Wane saje ne zai tsaya gaban hafsa ya ce cikinsa ke murɗawa? Kunya ma ba ta barinsa.

Mun tashi daga Sakajiki muka bi ta Ƙaura, da Gusau, da Funtuwa, da Zariya, kwana biyu muna hanya kafin mu kai ofishin da aka kwatanta mana. Wanda muka tarar yaro ne, bai fi ni da shekara biyar ba, kuma ya karɓe mu da ladabi. Ya buɗe takardar sallamar Kawu, ya karanta, ya ɗago kai.

"Baba, ai nan an rubuta lafiyarka ƙalau ranar da ka bar aiki. Ina katin asibitinka na can Laberiya?"

Kawu ya yi murmushi ya ce, "Yaro, rami na da kati? Wanda harsashi yas sama, kowa ya ga jini nai. Ni abin da yac ci ni ciki yake, wa za ya gani?"

Yaron ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi dai abin da ke cikin fayil yake aiki da shi. Ban ga laifinsa ba, haka aka koya masa. Ya dai taimake mu da jerin abubuwan da za mu kawo, ya rubuta mana a bayan wata tsohuwar ambulan.

Da na komo makaranta sai na tafi wajen wani abokina da ke karatun likita, na ce ya warware mini asalin gyambon ciki. Abin da na koya takobi ne mai kaifi biyu. Da can likitoci sun ɗauka damuwa da yaji ke kawo shi. A 1982 wasu likitoci biyu na ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori ke haddasa mafi yawansa, har aka ba su lambar Nobel a 2005. Tana shiga mutum ta baki, tana kuma yaɗuwa inda ake cunkoso da ƙarancin ruwa mai tsabta. Sanadi na biyu shi ne magungunan ciwon jiki irin su asfirin, waɗanda ke cinye rigar da ke kare tumbi. Ka ga duka biyun sun yi daidai da zaman rami a Monrobiya. Amma fa wannan ƙwayar cuta galibi tun mutum yana yaro yake ɗaukarta, kuma ta yi yawa ƙwarai a ƙasarmu. Saboda haka mai son hana Kawu haƙƙinsa yana iya cewa daga rijiyar Sakajiki ya sha ta tun bai san kaki ba, kuma ba likitan da zai rantse ya ƙaryata shi. Haka nan an tabbatar cewa wanda ya yi atuni mai tsanani yana iya zama da murɗar ciki da zawo shekara da shekaru bayan cutar ta wuce, ko da an duba hanjinsa ba a ga kome ba.

Wannan ba sabon abu ba ne ga sojanmu. Kakanninmu da suka je Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 a Yaƙin Duniya na Biyu sun shiga dajin da zazzaɓi da atuni suka fi harsashi kwantar da mutane. Abin tambaya shi ne, wa ya kamata ya kawo hujja, sojan ko hukuma? Amurka ta yi fama da wannan bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991, sa'ad da sojojinta suka komo da cututtukan da aka kasa gane kansu. Abin da suka yi shi ne suka juya nauyin. Tun 2011 ƙa'idarsu ta fayyace cewa wanda ya yi aiki a wancan yanki, kuma ya yi wata shida ko fiye yana fama da irin wannan murɗar ciki, ana ɗauka aikin ne ya jawo masa, ba sai ya nemo kati ba. Wanda aka tsare fursunan yaƙi kwana 30 ko fiye, shi ma in gyambon ciki ya same shi haka ake ɗauka. Ban ce kome nasu daidai ne ba, su ma tsofaffin sojojinsu na kukan jinkiri. Amma a nan ina ganin sun bi hankali. Wanda ya ɗauki mutum aiki bayan likitansa ya duba shi ya ce lafiyayye ne, ya tura shi inda ba ruwa ba asibiti, kuma shi ke riƙe da duk takardun, bai kamata ya juyo ya ce talakan ya kawo shaidar da shi ne bai rubuta ba.

Ga waɗanda ke da wa ko ƙane a bakin daga yanzu, ko a Barno ko a nan dazuzzukan Zamfara, ku gaya musu ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ciwon da ya kai mutum wajen likitan bariki ya tabbata an rubuta, ya riƙe kofi, ya aiko gida a ajiye inda gara ba ta kai. Ranar sallama kuma ya faɗi abin da ke damunsa, ko da na bayan gida ne. Wanda kuma ke da irin ciwon Kawu ya nemi a gwada shi, domin in ƙwayar cutar ce, maganin mako biyu kan kashe ta. Da an san haka da wuri da bai kai ga aman jini ba.

Yanzu a hannunmu akwai rahoton likitan Gusau, da takardar sallama, da wani hoto da aka ɗauke su a tashar jirgin ruwa ta Monrobiya, Kawu a rame kamar kara. Wani dattijo a ƙungiyar tsofaffin sojoji ya ba mu shawara mu nemo wanda suka zauna rami ɗaya, ya yi rantsuwa a kotu cewa ya ga lokacin da atunin ya kwantar da shi. Cikin mutum biyar da Kawu ya lissafa, uku sun rasu, ɗaya ya koma Kudu an rasa lambarsa. Na biyar kofur ne, yana Shinkafi, kuma ya aiko cewa ya yarda. Mun sa ranar zuwa bayan an yanke gero, in hanya ta yi kyau, ranar kasuwa, don mu bi ayarin motoci.