Sanda Biyu a Duwatsun Shere: Yadda Na Sauko da Gwiwata Lafiya

Shekara uku da suka wuce na hau Dutsen Kufena a Zariya tare da abokan aikina, na sauko da gwiwar dama a kumbure kamar ƙoƙo. Hawan bai ba ni wahala ba, har tsiya nake yi wa waɗanda na bari a baya. Saukowar ce ta kusa sa ni kuka. Kwana huɗu na yi ina ɗingishi a wurin aiki, ni mai jinya, marasa lafiya na kwance suna yi mini sannu. Daga ranar na ce ni da dutse sai kallo daga nesa.

To ana nan, sai ga hutun Disamba, yayata da ke aure a Jos ta kira ta ce mu zo da yara. Tana cikin masu fita tattaki ranar Asabar, abin da ya zama ruwan dare a garin, kuma ta daɗe tana yi wa 'yata mai shekara 11 alkawarin kai ta duwatsun Shere. Yarinya ta riƙe maganar ƙam, ta ce kuma sai da ni. Na gaya wa Yaya labarin gwiwa. Ta ce, "Ki zo kawai, amma sai da sanda." Na ce, "Haba Yaya, ni da ko arba'in ban kai ba?"

Ina faɗin haka na ji kunyar kaina, domin wannan maganar ce nake faɗa da Inna a kanta. Tun da ta zame a banɗaki bara nake roƙonta ta riƙe sanda, tana cewa ita ba ta tsufa ba tukuna. Maimakon ta riƙe, sai ta rage fita. Biki ta daina zuwa, gaisuwar mutuwa ma sai ta aika. Ga shi ni ma da aka zo kaina, bakinmu ɗaya.

Muka bi ta Pambegua da Saminaka muka shiga Jos da la'asar. Wadda ba ta taɓa zuwa ba, ta sani garin a kan tudu yake, kusan mita 1,200 sama da teku, shi ya sa sanyinsa na hunturu ba wasa ba ne. Duwatsun Shere suna gabas da gari, tafiyar kamar kilomita 10, kuma ƙololuwarsu ta kai kusan mita 1,829, tana cikin wurare mafi tsawo a Jihar Filato. A nan ne makarantar horar da matasa jarumta da shugabanci take, wadda mutane suka fi sani da Man O' War.

Washegari Yaya ta kai ni wurin 'yan gwanjo masu sayar da jakunkunan goyo da takalman tafiya. Akan samu sandar a wurinsu jifa-jifa, ana kuma iya yin oda ta intanet. Sandar tattaki dai ba kwagirin dattawa ba ce. Guda biyu ake riƙewa, ɗaya a kowane hannu, ba ta da nauyi, kuma tana da gaɓoɓi biyu ko uku da ke shiga cikin juna, ki ƙara mata tsawo ko ki rage. Ga abin da na koya wajen zaɓe.

Farko, abin da aka yi ta da shi. Akwai ta alminiyam, akwai ta kabon. Ta kabon ta fi rashin nauyi, ta fi tsada, amma idan ta maƙale tsakanin duwatsu kika danne ta, tana iya karyewa ɓas. Ta alminiyam lanƙwasawa take yi kafin ta karye, kuma ta fi araha. A wurin da dutse ya yi yawa irin Jos, ta alminiyam na ɗauka.

Na biyu, makullin gaɓa. Wani murɗa shi ake yi, wani kuma ɗan harshe ne da ake ɗagawa a danne. Na murɗawa yakan cika da ƙura ya riƙa sakin jiki, ga shi ba ki ganin ko ya kama. Mai harshen ana gani da ido, kuma yana da ɗan kusa da ake ƙara matsewa. Idan gwanjo ce, ki buɗe kowace gaɓa, ki kulle, ki ɗora nauyinki a kai a gaban mai sayarwa. In ta nutse, ki ajiye masa kayarsa.

Na uku, mariƙi. Na roba zalla yana sa hannu gumi, har ya yi kanta ko bororo. Na soso ko na toton ɓawon itace, irin wanda ake toshe kwalba da shi, ya fi shan gumi. Ki riƙe ki ji ko ya yi daidai da tafinki, domin yawancinmu mata hannunmu bai kai na maza girma ba.

Na huɗu, bakin ƙasa. Tsini ne na ƙarfe mai tauri da ke cizon ƙasa da tsakuwa. Akwai hular roba da ake sa masa idan za a taka kwalta, siminti ko tayil, sai kuma ɗan faifai a samansa da ke hana sanda nutsewa cikin taɓo. Ki tabbata hular tana nan, domin ita ce ta fi saurin ɓata.

Tsawo kuwa, ga ma'auninsa: ki tsaya a miƙe da takalmin da za ki yi tafiyar, ki riƙe sandar, tsininta a ƙasa kusa da ƙafarki. Gwiwar hannunki ta lanƙwashe daidai kamar kusurwar ɗaki, damtse a tsaye, sauran hannun a kwance. Ni da nake da tsawon santimita 160, na tsaya a 110. A jikin gaɓar akwai lambobi, akwai kuma layin da ke nuna iyaka. Kada ki ja ta wuce layin nan, a nan take karyewa.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka fita, mu tara da ɗan jagora, haifaffen yankin. Hazo ya rufe gari, iska tana yankan kunne. Muka wuce ta Lamingo, muka bar motoci, muka shiga hanyar ƙafa tsakanin gonakin mutanen Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa. An riga an yi girbi, sai shingayen ƙerana da suka kewaye gonaki da gidaje. Can gaba duwatsu suka fara bayyana, manya-manya, wani a kan wani kamar da hannu aka jera su. 'Yata ta tsaya ta ce, "Umma, wannan ba zai faɗo ba?" Jagora ya yi dariya ya ce tun kakan kakansa a haka yake.

Shi ne ya fara gyara mini riƙo. Ni ta sama na zura hannu cikin madaurin, na damƙe mariƙin kamar za a ƙwace mini. Ya ce, "Anti, ba haka ba." Ta ƙasa ake shigar da hannu cikin madaurin, sannan a sauko da shi a kama mariƙin, madaurin ya kwanta a tafi tsakanin babban yatsa da manuni. A haka nauyin yana sauka a wuyan hannu, yatsu kuma su huta. Tafiyar ita ma da tsarinta: ƙafar hagu da sandar dama, ƙafar dama da sandar hagu, yadda hannuwa ke kaɗawa da kansu in mutum na tafiya. Minti goma na farko na yi ta harɗewa, 'yata na ƙyalƙyala mini dariya. Da na daina kallon ƙafafuna sai abin ya zauna.

Da muka fara hawa sosai, ya sa na rage tsawon da kamar santimita biyar zuwa goma, domin ƙasar gabanki ta taso, doguwar sanda za ta sa kafaɗa ciwo. A nan ne ta hagu ta nutse mini sau ɗaya, ashe da na rage ban danne harshen da kyau ba, kusan kuma ya yi sako-sako. Da bakin makullin mota aka matse shi. Tun daga nan duk sanda na taɓa tsawon sai na danna ta a ƙasa na gwada kafin na ɗaga ƙafa.

A wani fili tsakanin duwatsu muka tarar da wani dattijon Bafulatani da shanunsa, sandarsa a kafaɗa, hannuwa a rataye a kanta. Na gaishe shi, "Sannu Baffa, ya kiwo?" Ya dubi hannuwana ya ce, "'Yata, ke har biyu?" Na ce gwiwa ce. Ya ce shi tun yana yaro bai taɓa shiga daji hannu sake ba, da ita yake taɓa ciyawa kafin ya sa ƙafa saboda maciji, da ita yake auna zurfin rafi, da ita yake tokarawa a gangara. Mutumin da ya fi mu duka ƙarfin ƙafa ke nan, kuma ba wanda zai kalle shi ya ce tsufa ne ya sa shi riƙe sanda.

Akwai wuraren da sanda ba ta da amfani. Inda dutse ya miƙe sai an kama da hannu, naɗe ta ake yi a soke a jaka, tsinin yana kallon ƙasa don kada ya tsokane wa na baya ido. A kan falalen dutse mai sulɓi kuma tsinin ƙarfe yana iya zamewa, gara ki nemi tsaga ko ƙasa ki kafa shi.

Ba mu kai can ƙololuwa ba, saboda yara. Mun tsaya a wani tudu da ake hango Jos a shimfiɗe cikin hazo, ruwan dam yana ƙyalli daga ƙasa. Muka zauna muka ci dafaffen dankalin turawa da ƙwai, muka sha shayin da Yaya ta zo da shi a fulas. 'Yata ta yi shiru, abin da ba halinta ba ne, tana kallon gari. Ni kuwa hankalina yana kan saukowa.

Bari in yi maganar aikina kaɗan. Mutane suna ɗauka hawa ne ke cin gwiwa, alhali sauka ta fi. A kowane taku na gangara, naman gaban cinya ne ke taka wa jiki birki, kuma ƙoƙon gwiwa yana dannuwa a kan ƙashin cinya da ƙarfin da ya ninka nauyin jikinki. Ga mace mai yini a tsaye, ko wadda jiki ya ƙaru bayan haihuwa, abin ya fi tsanani. Sanda tana karɓar wani kaso na wannan nauyin ta miƙa wa hannuwa da kafaɗu, sannan maimakon ƙafa biyu kina da madogara huɗu.

Don haka kafin mu juya na ƙara tsawon zuwa 120. A gangara sanda ce ke yin gaba: ki kafa ta, ki tabbata ta kama, sannan ƙafa ta bi, da gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Inda gangarar ta yi tsanani na cire hannuna daga madaurin. Na ga karayar wuyan hannu da yawa a asibiti, yawanci daga faɗuwa ne a kan tafi, kuma hannun da ke ɗaure da sanda ba ya samun damar kare kansa. Ana cikin haka ƙafata ta dama, mai ciwon, ta tafi a kan tsakuwa. Na ji zuciyata ta yanke. Amma sandunan biyu suna kafe a gaba, sai na tsaya a kansu ina salati, ban kai ƙasa ba.

Mun iso wurin motoci kafin azahar. Da dare na duba gwiwar, na latsa, na lanƙwasa. Babu kumburi. Kafaɗuna ne suka yi tsami kwana biyu, alamar sun yi aikin da aka ba su.

Ga mai sha'awar zuwa, rani ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina duwatsun suna santsi, ga tsawa, kuma ba a tsayawa a kan tudu da ƙarfe a hannu idan hadari ya taso. Kada ki tafi ba jagora ɗan gari, ki kuma tambayi halin da yankin yake ciki kafin ki fita. Ki sa takalmi mai kama ƙasa, da wando a ƙarƙashin doguwar riga, hijabin kuma kada ya yi tsawon da zai harɗe da sanda. Ki ɗauki ruwa ko da ana sanyi. Mai juna biyu, mai hawan jini ko ciwon zuciya, da wadda gwiwarta ke kumbura ko ƙagewa, ta fara ganin likita. Sanda tana rage wa gwiwa aiki ne, ba ta warkar da abin da ya lalace a ciki. In kuma kuɗin ba su kai ba, gora mai ƙwari da ta kai miki ƙirji ta fi tafiya hannu sake nesa ba kusa ba.

Da muka koma Zariya na wanke sandunan, na ware gaɓoɓin suka bushe, na sa musu hular roba, na tafi gidan Inna. Ban ce mata komai ba, na bar jikarta ta nuna mata hotuna a waya: ga ni a kan dutse da sanda biyu. Inna ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta ce, "Wannan ai ta 'yan boko ce." Na daidaita mata tsawon, ta zaga tsakar gida sau biyu.

Na san ba irinta ake ba wanda zai dogara kullum ba, kuma mun yi da ita za mu je wurin masu gashin ƙashi su auna mata wadda ta dace. Amma ranar Juma'ar da ta biyo baya ƙanwata ta kira ni ta ce Inna ta tafi barkar haihuwa a bayan layi, da ƙafarta, da sandata a hannu. Har yau ba ta dawo mini da ita ba, ni kuma ban tambaya ba.